Igiyar Yaya Inuwa

Tun ranar da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Alhaji Garba ya tare ni a ƙofar masallaci yana tambaya wai da gaske ne can kullum sai an yi ruwa. Malam Ɗanjuma shi damuwarsa ɗaya ce, ko suna da goro. Sani Tela kuwa ja na ya yi gefe, ya rage murya, wai in gaya masa tsakani da Allah me aka yi mini a Malesiya, don tun da na dawo yake ganina da guntuwar igiya a aljihu, ina zaune a majalisa ina ƙullawa ina kwancewa kamar wanda aka yi wa sammu. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, kowa ya karanta da kansa, a bar ni in sha shayina da zafinsa.

Kun san ƙafata ba ta zama. Sarin kekunan ɗinki ya kai ni Dubai, ya kai ni Guangzhou, na kwana a tasha a Kwatano, rana ta gasa ni a hanyar Agadas. Amma duk waɗannan tafiyar neman abinci ce. Wannan kuwa ba ma tawa ba ce. Tafiyar Yaya Inuwa ce, Allah Ya jiƙansa, ni cika masa ita na je yi.

'Yarsa ta fari, wadda ta ci sunan mahaifiyarmu muke ce mata Ummi, tana karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, ita da mijinta Auwalu da 'yarsu ƙarama Hanan. Shekara huɗu rabonta da gida. Yaya ya ƙudura zai je ya yi musu wata biyu, ya yi Babbar Sallah da su, ya ga jikar da bai taɓa gani ba sai a waya. Biza ta fito. Ya sa matarsa, Yaya Asabe, ta haɗa kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji da garin ɗanwake, ya jera su a kwali da kansa, ya ɗaure da igiyar rama. Saura mako ɗaya ya tashi, zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana uku ya yi, Allah Ya karɓi abinsa. Ummi a waya ta ji. Fasfonta yana wajen sabunta izinin zama, kuma ko da yana hannunta, kafin ta kai filin jirgi mun dawo daga maƙabarta.

Bayan sadakar bakwai ta kira ni. Ta ce, "Baffa, kwalin nan yana nan?"

Na ce, "Yana kusurwar ɗakinsa, ba wanda ya taɓa."

Ta ce, "Don Allah kar a kwance. Yadda Baba ya ɗaure shi nake so in gani."

Na ce, "To Uwata, ni zan kawo miki da hannuna."

Sai na yi bayanin ɗaurin nan, don waɗanda ba su san Yaya sosai ba. Yana saurayi ya tafi can ƙasan Lokoja ya yi leburanci a wajen gina masana'antar ƙarfe da Rashawa suka zo yi, aka sa shi cikin masu ɗaura wa injin ɗaga kaya igiya. Shekara uku ya yi, ya dawo da rediyo, da tari, da ƙulli ɗaya da ogansa ɗan Rasha ya koya masa. Ƙulli ne mai zobe. Zoben ba ya zargewa, ko raƙumi ka ɗaure da shi ya yi ta ja, ba zai shaƙe shi ba, ba kuma zai kwance ba. Amma akwai 'yar wutsiya da ke leƙowa a gefe, in ka ja ta da yatsa biyu shi ke nan, igiya ta miƙe kamar ba a taɓa ƙulla ta ba. Da shi yake ɗaure ragon layya, da shi yake ɗaure guga, da shi ya ɗaure kayan duk wanda ya taɓa yin tafiya a gidanmu, har da nawa. Abin mamakin shi ne Yaya ba bahago ba ne, da dama yake ci, da dama yake rubutu. Amma in zai yi wannan ƙullin sai ya dunƙule dama, hagu ta yi naɗin. Mahaifiyarmu ta yi faɗa har ta gaji, shi kuma ya ce haka ya ga ogansa yana yi. Daga nan gidanmu kaf muka yanke hukunci cewa Rashawa duk bahagwai ne. Da wannan ilimin muka tashi, ni har na sha bayar da shi a majalisa, Alhaji Garba shaida ne.

Ya sha ce mini, "Sule, zo in koya maka, minti biyu ne."

Amsata kullum ɗaya ce: "Me zan yi da shi, Yaya, kana nan?"

'Ya'yansa ma haka. Duk muka bar masa.

Ranar tafiya Hajiyata ta matsa sai na ɗauki kwalin hoto a waya, wai in ya ɓata a san abin da ake nema. Na ɗauka ina mita, hoton ya fito dishi-dishi. A filin jirgin Kano masu naɗe kaya da leda suka ce, "Alhaji, a yanke wannan igiyar ƙauyen mana, leda ta isa." Na ce ku naɗe a kanta, duk wanda ya kai mata reza ni da shi ne.

Muka yada zango a Addis Ababa. Ina zaune ina ta ƙorafin sanyi ni kaɗai da Hausa, sai wata mata a kujerar gefe ta ce, "Baba, wannan ai ba sanyi ba ne, ka zo Pankshin ka gani." Madam Rifkatu ke nan, 'yar Filato, shekararta tara tana koyar da aikin jinya a Kuala Lumpur. Kafin a kira jirgi ta ba ni rabin biredinta da kalmomi uku na yaren ƙasar, ta ce sun ishe ni wata guda. Makan, cin abinci. Boleh, wato zai yiwu. Sai lah, wadda ta ce ba ta nufin komai, kamar "mana" ɗinmu ce, a manna ta a ƙarshen magana kawai. Na ce to ai da waɗannan ukun ko aure sai a nema. Ta ce, "Ka nema, zan gaya wa Hajiya."

Koren fasfo kun san halinsa a ƙasar mutane. Aka ware ni gefe, ina za ka, wajen wa, yaushe za ka koma. Na miƙa takardar gayyata da Auwalu ya aiko, aka juya ta gaba da baya, aka buga hatimi. Ban damu ba, na saba. Inda matsala ta taso shi ne wajen kwastan. Wani dattijon jami'i mai furfura a gemu ya nuna kwalin ya ce a buɗe. Ya farke ledar, warin daddawar Yaya Asabe ta wata biyu ya bugi kowa a layin. Sai na ga ya ɗora wuƙarsa daidai kan ƙullin.

Ban san lokacin da na riƙe masa hannu ba. A ƙasar mutane, jami'i da kaki. Na haɗa Turancin Dubai da na Guangzhou ina ta magana, ni kaina ban san me nake cewa ba. Allah Ya taimake ni Madam Rifkatu tana bayana. Ta matso ta yi masa bayani da yarensu, a hankali, tana nuna igiyar tana nuna ni. Dattijon nan ya saurara har ta gama. Ya ɗora hannu a ƙirji ya yi Inna lillahi, irin tamu sak. Ya matsar da wuƙar kamar taƙi ɗaya daga ƙullin ya yanke ta nan, ya yanke ta can, ya ɗauko ƙullin da zobensa ya miƙo mini da hannu biyu kamar mai miƙa jariri. Na naɗe a hankici na sa a aljihun ƙirji.

Daddawar kuwa ya shinshina ya yi dariya, ya ce su ma suna da irinta ta jatan lande, tasu ta fi wari. Ya bar ta ta wuce. Kilishin da ke jakata ne bai wuce ba, nama ba ya shiga. Malam Ɗanjuma, wanda ka ba ni ka ce in kai wa Auwalu, yau dai ka ji gaskiyar inda ya tsaya.

Gidan su Ummi a wata unguwa yake kusa da jami'arsu, Pantai Dalam, hawa na goma sha huɗu. Ƙofa kowacce takalma ne jere a waje, ba wanda yake ɗaukar na wani. Shanya a saman bene ake yi, a bayan taga, kayan mutum na lilo a sararin Allah. Ruwa kuwa, Alhaji Garba, gaskiya ne. Da la'asar sai sama ta haɗe, a yi tsawar da in a Kano ce sai an yi ta salati, su ko ɗaga kai ba sa yi, bayan awa ɗaya rana ta dawo tana dafa mutum kamar dambu a madambaci. Da safe shinkafa ake ci dafaffiya da madarar kwakwa, da ƙananan kifi da yaji mai sukari. Komai sai sun sa masa sukari, har miya. Jikata Hanan, 'yar shekara uku, na ce mata, "Zo nan amaryata," ta dube ni sama da ƙasa ta faɗi wata kalma ta gudu. Auwalu ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, wai ba ta so." Na ce ba komai, ba ita ce ta farko ba.

Da na ba Ummi hankicin, na gaya mata yadda aka yi, ba ta yi kuka ba. Ta buɗe, ta daɗe tana kallo, ta kai hanci ta shinshina. Ta ce, "Wannan ya ishe ni, Baffa. Ai dama shi nake so, ba kwalin ba." Ta ɗora shi a kan wata kantar katako kusa da littattafanta.

Washegari da hantsi ɗaliban Arewa suka zo gaisuwa da ta'aziyya, falo ya cika. Kun san halina in na samu masu saurare. Na ba da labarin kwastan sau ɗaya, sababbi suka shigo na sake, wasu suka shigo na kuma, kowane zagaye wuƙar dattijon nan tana ƙara tsawo. A na ukun na miƙe na ɗauko ƙullin daga kan kantar don su gani da idonsu. Ina cewa, "Kun ga hikimar, duk ƙarfinsa wannan 'yar wutsiyar kawai za ka kama, ka yi haka..."

Na yi hakan.

Igiya ta miƙe a hannuna. Guntuwar igiyar rama, da 'yan lanƙwashe-lanƙwashe inda ƙullin yake a da. Na tsallake da shi ƙasa uku, na riƙe hannun jami'in gwamnati a kansa, na zo na kwance shi da kaina don in burge yaran da na haifi irinsu.

Ummi tana bakin ƙofar kicin da faranti. Ta ajiye, ta zo ta karɓi igiyar daga hannuna, ta ce, "Ba komai Baffa, igiya ce." Ta koma kicin ta jawo ƙofa. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Saura kwana shida Sallah. Kwana shidan nan ban ga Kuala Lumpur ba, ƙulli nake nema. Auwalu ya sayo mini igiya, muka buɗe hoton nan na Hajiya muka ƙara masa girma har ya zama hazo. Ya shiga intanet ya fito da ƙulle-ƙulle sun fi talatin, na masu jirgin ruwa, na masu hawan dutse, amma mu sunan da muka sani kawai ƙullin Rasha, kuma ba wanda ya yi kama da namu. Ya kai ni unguwar Wangsa Maju wajen abokansa, a jirgin ƙasan nan da ba shi da direba. Na je har gaba na leƙa, babu kowa, na dawo na zauna ina karanta abin da ya sawwaƙa. A shagon shayin Indiyawa Musulmi da suke kira mamak, inda ake ɗaga shayi sama a tsiyayo shi kamar mai shayin ƙofar gidanmu amma da fankama, injiniyoyi huɗu suka taru a kan igiya ɗaya. Ɗaya yana zana taswira a takardar goge hannu, ɗaya yana cewa matsalar daga kusurwa ce. Abin da suka haɗa a ƙarshe, da akuya aka ɗaure da shi da an yi mata sallah.

Rana ta huɗu na fita ni kaɗai, na sauka a babbar tasha na shiga Brickfields, unguwar Indiyawa. Akwai wata tsohuwa a bakin titi tana ƙulla furanni da zare, yatsunta ba sa ganuwa don sauri. Na ce wannan ai ta san kowane ƙulli a duniya. Na nuna mata hoton. Ta kalla, ta karkaɗa kai irin nasu da ba ka sanin e ne ko a'a, ta rataya mini furanni a wuya. Haka na shiga shagon wani Basine mai sayar da kayan gini ina ƙamshi kamar ango. Shi kuma ya dubi hoton ya ce boleh, boleh, raina ya yi fari, ya shiga ciki ya fito mini da salatif.

A gida Ummi ba ta canza mini fuska ba. Tuwo da miyar kukar da ubanta ya jera da hannunsa, ruwan wanka, "Baffa ka ƙara", komai. Amma in na wuce kantar nan sai in ga igiyar a miƙe inda ta mayar da ita. Na kan tashi da niyyar in ba ta haƙuri, in ta ɗago kai sai in tambaye ta ina suke sayen gawayi.

Ranar Sallah muka sauka ƙaramin masallacin unguwa, surau suke ce masa. Layyarsu ba irin tamu ba ce da kowa zai ja ragonsa ƙofar gida maƙwabta su ga ƙaho. Su haɗuwa suke yi mutum bakwai a kan sa ɗaya, a kawo shanun filin masallaci, a yanka tare, a fede tare, mata su dafa a manyan tukwane, kowa ya ci, ragowar a ƙulla a leda a bi gida-gida. Ya burge ni, amma na yi kewar ƙaurin kan rago a lungunmu, da Yaya yana tsaye da wuƙa yana ba kowa umarni.

Ana cikin haka wani baƙin sa ya fizge daga inda aka ɗaure shi. Mutane suka watse, masu zani suna tattare zani. Aka samu aka riƙo igiyar, mutum biyar suna ja, an rasa mai ɗaurewa a bishiya. Sai wani tsoho fari sol, gajere, da 'yar hula baƙa a ƙeya, ya ratso a hankali kamar mai zuwa alwala. Ya karɓi bakin igiyar ya zagaya bishiyar da ita, ya dunƙule hannu, ya naɗa, ya juya, ya zaro. San ya ja, ya ja, ya haƙura. A gefen ƙullin ga 'yar wutsiya tana leƙowa.

Ni dai na ga Yaya. Ba kama suke ba ko kaɗan, amma wannan juyin wuyan hannun, shekara arba'in ina ganinsa duk Sallah. Na tsallake jini da kaskon ruwa na je na kama hannun tsohon nan ina cewa, "Rasha? Rasha?" Ya tsorata kaɗan. Ɗansa ya zo, malami ne a jami'ar su Ummi, shi yake jin Turanci. Ya ce e, daga Rasha suke, Tatar ne, Musulmi tun kakanni. Sunan tsohon Ildar, ya zo ganin jikoki ne kamar ni. Ya tashi a ƙauye cikin dawaki, daga baya ya yi aikin jiragen dakon kaya a kogi. Ƙullin kuma ya ce na makiyayan Kalmik ne, mutanen da ke kiwo a filayen kudancin ƙasarsu, da shi suke ɗaure doki da raƙumi, don in tafiya ta tashi ja ɗaya ya isa.

Na gaya wa ɗan abin da na aikata, ya juya wa uban. Tsohon ya dube ni ya girgiza kai ya faɗi wata gajeruwar magana. Ɗan ya yi jim, ya ce, "Wai kowa sai ya ja wutsiyar nan sau ɗaya." Ina zargin abin da ya faɗa ya fi haka zafi.

Washegarin Sallah suka hau gidanmu cin abincin rana. Malam Ildar ya ci tuwo da miyar kuka da cokali, yana kallon yadda take bin cokalin, sai ga shi ya nemi ƙari. Da aka gama ya zauna a kujera ya karɓi igiya, ya zagaya ta a ƙafar tebur. Ni kuma na yi abin da kowannenku zai yi in dattijo zai koya masa abu: na cire hula na gyara, na durƙusa a gabansa, fuska da fuska, da tawa igiyar a ɗaya ƙafar teburin.

Ya dunƙule hagu, dama ta yi naɗi. Na tsaya. Na ce wa ɗan, "Tambaye shi, ba da hagu kuke yi ba? Ku ba bahagwai ba ne?" Ɗan ya ce, "Su wa?" Na ce, "Rashawa." Ya ce, "Duka?" Auwalu ya shige kicin, ina jin dariyarsa daga can.

To na bar wannan. Na zuba wa hannun tsohon ido ina bin sa. Hannunsa da ke wannan gefen ya motsa, nawa da ke wannan gefen ya motsa. Ya naɗa, na naɗa. Ya juya, na juya. Sau huɗu yana zubewa, a na biyar ya tsaya. Na ja, ya riƙe. Malam Ildar ya leƙo ya duba ya ce a'a. Ya nuna wutsiyar ƙullinsa tana kallon dama, ta nawa tana kallon hagu. Ya kama hannun rigata yana ja, yana buga kujerar da ke gefensa. Ɗan ya ce, "Wai ba a koyon ƙulli daga gaba. A wajensu kafaɗa da kafaɗa ake zama, hannunka ya bi hannun malam. In ka zauna a gabansa komai a juye za ka ɗauka, kamar madubi. Wai ka kwance ka dawo nan."

Na kai hannu zan ja wutsiyar, sai na ji muryar Ummi a kaina.

"Baffa, tsaya. Kar ka taɓa."

Ta durƙusa da wayata a hannu, hoton nan mai dishi-dishi a buɗe. Ta ajiye shi kusa da ƙullina. Ta dubi wannan, ta dubi wancan. Wutsiya a hagu. Sai a lokacin na dubi hannuwana: damata ce a dunƙule, hagu ce ta yi naɗin.

Ni dai abin da nake gani shi ne Yaya yana ɗan shekara ashirin, da hular kwano a ka, a can bakin kogi, oga zai koya masa abu. Ina zai zauna? Yaron da aka yi wa tarbiyya a gidanmu zai je ya haɗa kafaɗa da babba? Durƙusawa ya yi a gabansa, kamar yadda na yi. Ya ɗauko ƙullin mutane a juye ya kawo Kano, ya yi shekara arba'in yana yi da hagu, yana shan faɗan mahaifiyarmu, mu kuma muka ɗora wa ƙasa guda bahaganci.

Da aka fassara wa Malam Ildar ya daɗe yana dariya har da share ido. Ya jawo ƙullina ya gwada da ƙarfinsa, ya ce yana riƙewa daidai da nasu, ba abin da ya rage. Ya tambayi Ummi ko tana so ya koya mata na asalin. Ta ce a gaya masa ta gode, amma na Babanta take so.

Ta ɗauko igiyar ramar daga kan kantar ta zo za ta durƙusa a gabana. Na ce, "A'a Uwata. In kika zauna a gabana na Rasha za ki ɗauka. Zo nan." Na matsa mata a kan tabarma. Ta yi jim, don tun da ta girma ba ta taɓa zama kusa da ni haka ba. Sannan ta zauna, kafaɗarta a jikin tawa. Na ce dunƙule dama. Ta dunƙule. A nan ne kukan da ba ta yi ba tun zuwana ya zo, muka jira shi ya wuce, muka ci gaba. Ita sau uku kawai ta yi ta iya. Digiri ba ƙarya ba ne.

Sauran kwanakin na ga gari, na hau dogayen benayen nan biyu, na ci wani ɗan itace mai ƙaya da ke warin kwata da ɗanɗanon alawa, Hanan ma ta yarda ta zauna a cinyata ranar da zan tafi, da sharaɗin in ba ta carbina. Goro kuwa, Malam Ɗanjuma, babu. Ummi ta haɗa wa mahaifiyarta kwali, mayafai da man zafi da garin shayi, ta ɗaure da kanta.

Da na sauka Kano ban wuce gida ba, gidan Yaya na fara zuwa. Yaya Asabe tana cikin takaba, tana zaune a tsakar gida a kan tabarma. Muka gaisa, ta tambayi kowa, na ajiye mata kwalin na farke ledar. Ta aika a kawo wuƙa. Wuƙar tana hannunta ta sunkuya, sai ta tsaya.

Ta ƙura wa ƙullin ido. Ta ce, "Sule, hannun wa ne wannan?"

Na ce, "Na 'yarki."

Ta ajiye wuƙar. Ta shafa ƙullin da yatsa, ta ce, "To a bar shi haka. Kayan ba sa sauri."

Na ce, "Ja wutsiyar, Yaya."

Ta ce, "Kai dai ba ka da hankali tun kana yaro. In na ja wa zai mayar?"

Na cire takalmi na zauna a bakin tabarmar, na naɗe hannun riga. Na ce, "Ja ki gani."

Ta dube ni, ta dubi igiyar. Ta sa yatsa biyu ta ja.